Ƙuri'ar da Ta Tashi daga Bani Malik

Tun ranar da na koma aiki matan ɗakin haihuwa ba su bar ni na huta ba. Da mun ɗan samu sarari tsakanin wannan naƙuda da waccan, sai wata ta jawo kujera ta ce, "Sista Binta, ba mu labarin Jidda." Wata zancen zinare take son ji, wata so take ta ji ko da gaske ne teku ba shi da ƙarshe. Ni kuma ta duk inda na ɗauko labarin, sai in ga na ɓulle a kan wani farin ambulan. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi tun daga farko, kowa ta karanta da kanta.

Gwaggona Asabe ce dalilin tafiyar. Ƙanwar mahaifina ce. Ta bi mahaifiyarsu aikin hajji tana 'yar shekara bakwai, daga nan ba ta sake taka ƙasar Hausa ba. A Jidda ta girma, ta yi aure, mijin ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyu: Usama, direba ne, da Salma, wadda aure ya kai Amurka. Ni muryarta kawai na sani a waya. Da ɓarin jikinta na dama ya shanye, 'ya'yan suka nema mini bizar ziyara, tunda jinya ce aikina, in je in yi mata wata guda.

Daga Funtuwa na shiga motar Kano da jaka biyu. Ɗaya tufafina, ɗaya kuka da daddawa da yaji da kuɓewa busasshiya. Da na tambayi Gwaggo abin da take so, abu ɗaya ta ce: garin ɗorawa. Muna wuce Gwarzo taya ta fashe, muka sauka muka zauna gindin wata bishiya, ina duba agogo ina salati. Direban kuwa ko a jikinsa, yana kwance notin taya yana ce mini, "Hajiya, jirgi ba ya tashi ya bar mai rabo." Ban zama hajiya ba tukuna, amma ban gyara masa ba.

A jirgi na samu kujera kusa da wata tsohuwa mutuniyar Haɗeja mai zuwa umara. Jirgin na ɗagawa ta damƙe hannuna, ba ta sake ba sai da muka daidaita a sama. Da ta ji ni ungozoma ce, sai ta fara ba ni labarin haihuwarta, ɗaya bayan ɗaya. Tana kan ta tara aka ce mu ɗaura bel, mun iso.

A wajen binciken kaya ne gabana ya faɗi. Wani jami'i ya zaro ƙullin ɗorawar, ya ɗaga shi sama, gari rawaya shar a cikin farar leda, ya yi mini tambaya da Larabci. Larabcina na salla ne. Na rasa yadda zan yi, sai na kwance ledar na dangwala na lasa, na yi masa alama shi ma ya ɗanɗana. Ya ja da baya. Ya kira wani abokin aikinsa, dogo baƙi, ya zo ya sunsuna. Can ya dube ni ya ce da wata irin Hausa mai nauyi, "Ɗorawa. Kakata tana dama wannan. Allah ya jiƙanta." Da hannunsa ya ɗaure mini ledar.

Ina fita iskar garin ta lulluɓe ni, ɗumi da laima, kamar tawul ɗin da muke gasa wa mai jego jiki. Usama na tsaye da farar jallabiya.

"Ahlan, Yaya Binta! Hanya lafiya? Yalla, Ummi tun safe take tambaya."

Hausarsa haka take, rabi tamu rabi tasu. Yana jin komai, amma idan zai mayar sai Larabci ya riga shi fita.

Gidan yana Bani Malik, hawa na uku, a wani lungu da shaguna suka cika. A ƙasa akwai Bayamane mai gasa tamis, wani faffaɗan burodi da ake ci da wake dakakke kowace safiya. Kwana uku na yi ina neman koko a raina, a na huɗu na daina. Abin da ya fi ba ni mamaki ƙofofi ne. Mutum ashirin a bene ɗaya, kowa ƙofarsa a kulle, ba mai leƙo ka sai ya bugo waya. Na tuna gidanmu, inda maƙwabciya za ta shigo har tsakar gida ta ɗebi wuta kafin ta yi sallama. Sai gahawa. Ranar da na iso wata maƙwabciya, Bahaushiyar Sudan, ta zo yi mini sannu da zuwa da butarta. Ƙaramin kofi ne, ruwan rawaya, ɗaci kamar maganin zazzaɓi. Ina shanyewa don kunya, tana ƙarawa. Sai da na sha bakwai Salma ta raɗa mini, "Yaya, girgiza kofin, in ba haka ba har magariba za ta yi ta zubawa."

Gwaggo na kwance kusa da taga. 'Yar ƙarama ce, fuskar mahaifina sak. Maganarta a hankali take fita, kuma Hausar da ke bakinta ta mutanen da ce, har yanzu da sule da taro take kiran kuɗi. Da na ba ta ɗorawar ba ta sha ba. Ta kai hanci, ta lumshe ido, ta daɗe a haka. Sannan ta fara ba ni labarin jirgin ruwan da ya ƙetaro da su daga Sudan, yadda mahaifiyarta ta ɗaure ta a ƙugu da ɗankwali don kada ta faɗa ruwa. Kusan kullum bayan la'asar haka muke yi. Ina murza mata hannu da mai, na'urar sanyi na gurnani, ita kuma a labarinta tana tafiya tsakanin Jidda da wani gari da ta bari, wanda ni na san babu shi yanzu yadda take faɗarsa. Wani lokaci ni ma sai in rasa a ina nake.

Salma ta riga ni zuwa da wata biyu. A can Amurka aikinta kula da tsofaffi ne, kuma ta daɗe da zama 'yar ƙasa. A mako na biyu da zuwana ta dawo daga shagon buga takardu da wasu shafuka a hannu, tana riƙe da su kamar jariri.

"Takardun asibiti ne?" na tambaye ta.

"Ƙuri'ata ce."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Ta ce zaɓe ya matso a can, ta sanar da su tana Jidda wajen jinyar uwa, sai suka turo mata takardar ta intanet. Za ta cike, ta sa hannu, ta mayar ta gidan waya.

Dariya na yi. Na ce, "Salma, a wajenmu da za a yi haka, ai buhu-buhu za a riƙa cikewa a ɗakin wani."

Muna cin shinkafar rana a ƙasa, Usama ya ce ni ce da gaskiya. "Wallah, wa ya ga hannun da ya cike? Miji ya karɓe ta matarsa ya cike, shi ke nan."

Salma ba ta yi fushi ba. Ta ce suna da sa hannunta a ajiye, za su gwada da wanda ke bayan ambulan, kuma kowane ambulan da lambarsa, ba ya shiga sau biyu. Ta ce ba ta ce ba a taɓa yin maguɗi ba, amma wanda ya yi a kama shi, ba a rufe wa kowa ƙofa saboda shi ba.

"Akwai wata tsohuwa da nake wa wanka," in ji ta. "Shekararta tamanin da wani abu, ba ta iya tsayuwar minti biyar. Kanta garau, ta fi ni sanin abin da ke faruwa. A ce mata sai ta je ta tsaya a layi cikin sanyi? Ai an ce mata kada ta yi ke nan, sai dai ba a faɗa da baki ba. Mai gadi da ke bakin aiki fa? Wadda ta haihu jiya fa? Ni a ganina hukuma ce ya kamata ta bi mutum da takardar har inda yake. Ba jarrabawar juriya ba ce."

Ta ce yanzu haka rigimar da ake yi a can ke nan, wasu na son a ƙuntata hanyar, kuma a cikin takardar nan har da kujerar wanda zai riƙe ofishin zaɓe na gundumarsu. Shi ya sa ba za ta bari ta wuce ta ba. Sai ta juyo gare ni.

"Ke Yaya, yaushe rabonki da jefawa?"

Katina yana nan, sabo fil, a cikin jakar hannuna. Amma a ƙauyenmu na yi rajista, aiki kuma ya kawo ni Funtuwa. Ranar zaɓe ba a yawo da mota, jarirai kuwa ba su san da wannan doka ba. Duk zaɓen da aka yi tun da na fara aiki, a ɗakin haihuwa ya same ni. Na ce mata, "Ban taɓa ba."

Ban taɓa jin abin ya dame ni ba sai da na faɗe shi a gaban mutane. Usama ya yi murmushi ya ce shi fasfonsa na Najeriya ne, ƙasar da bai taɓa gani ba, nan kuma iƙama, takardar izinin zama, ce ke riƙe da shi, ba a tambayar mai iƙama. Muna cikin haka muka ji muryar Gwaggo daga kan gado. Mun ɗauka barci take.

"Karanto mini."

Salma ta je ta zauna bakin gadon tana fassara mata da Hausa da Larabci. Shugaban ƙasa, 'yan majalisa, alƙalai, masu kula da makarantu, har da tambaya a kan ko a gyara wata gada. Gwaggo ta sa aka maimaita mata ta gadar.

"Ke suke tambaya a gyara gada?"

"Ni da kowa, Ummi."

"Kina nan Jidda?"

"Ina nan Jidda."

Gwaggo ta kalli silin. Ta ce, "Ni shekara saba'in, ko sunan titin nan ba a tambaye ni ba." Ba da ɗaci ta faɗa ba, kamar mai ba da labarin ruwan sama. Can kuma ta ce a zaɓi macen da aka karanto sunanta ta uku, sunan ya yi mata daɗi. Salma ta sumbaci goshinta ta ce, "Ummi, wannan ni kaɗai ake so in yi, ko Abban yara ba ya gani." Ta shiga ɗaki ta turo ƙofa. Gwaggo ta bi ƙofar da kallo, na ga bakinta, ɓarin da ke motsi, ya ɗan ɗaga.

Ranar Laraba Salma ta ba Usama ambulan ɗin ya kai kamfanin aika saƙo a hanyarsa ta zuwa aiki, don lokaci ya ƙure, gidan waya na yau da kullum ba zai kai ba. Ranar Alhamis bayan azahar ta tambaye shi takardar shaidar aikawa. Usama ya tsaya da cokali a hannu.

Ya manta ambulan ɗin a aljihun ƙofar motar gidan da yake wa aiki, a Abhur, can bakin teku. Gobe Juma'a, ba a aiki. Idan bai tafi yau ba, da wuya ya isa a kan lokaci.

Ban taɓa ganin Salma haka ba. Ba ta yi faɗa ba, mayafinta kawai ta ɗauka. Muka bar Gwaggo da maƙwabciyar nan mai gahawa, muka tari tasi mu uku. Hanyar Abhur doguwa ce. Gari ya yi ta raguwa, gidaje suna ƙara girma, mutane suna ƙara ƙaranci, har na hango ruwa ta tsakanin katangu, shuɗi, kwance, rana na rawa a kansa. Usama sai share gumi yake.

Da muka isa, babu ambulan a motar.

Mai aikin gidan ta ce uwar gida ce ta ɗauka. Aka shigar da mu wani falo mai sanyi da ke kallon teku. Ummu Faisal, mahaifiyar kafilin Usama, wato ubangidansa, tsohuwa ce mai jiki, da sanda a gefenta. Ga ambulan ɗin nan a kan cinyarta, ba a buɗe ba. Salma ta miƙa hannu, tsohuwar ta ce a kawo gahawa tukuna. Wannan karon kofi ɗaya na sha na girgiza.

Usama ne ke fassara mini. Tsohuwar ta tambayi mene ne a ciki da har mata biyu suka biyo shi tun daga Bani Malik. Da Salma ta faɗa mata, sai ta ajiye kofinta. Ta ce ita ma ta taɓa yi, sau ɗaya, shekarar da aka fara barin mata su jefa a zaɓen ƙananan hukumomi. Ta ce tun asuba ta yi wanka ta sa turare kamar ranar idi. 'Ya'yanta suna ta yi mata dariya, wai kujerar kwashe shara da gyaran fitila ce. Wanda ta zaɓa ma bai ci ba.

"Amma na shiga bayan labulen nan ni kaɗai," in ji ta, "ba miji, ba ɗa. Na daɗe a ciki. Har ma'aikaciyar ta leƙo ta ce, Inna, lafiya? Na ce lafiya, ina hutawa ne."

Ta juya ambulan ɗin a hannunta. Ta ce da a ce yau za a sake, da ƙafafun nan ba za ta iya zuwa ba. Sannan ta dubi agogon bango, ta buga sandarta a ƙasa, ta ce wa Usama ya ɗauki babbar motar ya kai mu, me yake jira.

Mun isa ana shirin sauke ƙofar shagon aika saƙon. Ma'aikacin, wani ɗan Indiya, ya auna ambulan ɗin, ya liƙa masa takarda, ya jefa shi cikin kwando tare da wasu. Shi ke nan. Na tsaya ina kallon kwandon. A hanyar komawa na jingina kai da gilashi ina ta raya tafiyarsa a raina: zai bi ta saman ruwan da Gwaggo ta ƙetaro, ya wuce ƙasashen da ban san sunansu ba, ya sauka a wani gari mai sanyi, wata mata da ba ta taɓa jin sunan Bani Malik ba ta ɗaga shi ta duba sa hannun Salma.

Cikin kwanakin jira Usama ya kai ni Makka na yi umara. Wannan ba zan iya rubuta shi ba, sai dai in ce na yi kuka, kuma na ɓatar da takalmina na dawo da na wani. Kowace safiya Gwaggo, kafin ta karɓi magani, sai ta tambaya, "Takardar ta isa?" Hannunta ma ya fara ɗan motsi, tana iya matse yatsuna biyu.

Ana saura kwana biyu in taho, muna karin kumallo, wayar Salma ta yi ƙara. Ta karanta, ta rufe baki da hannu. Saƙo ne daga ofishin zaɓensu: ambulan ya iso, an duba, an karɓa.

"Sun ƙirga da ke?" in ji Gwaggo.

"Sun ƙirga da ni, Ummi."

"To, madalla. Ba ni maganin."

Ranar da zan tafi, na durƙusa gabanta ta dafa kaina da hannun mai lafiya. Na ɗauka saƙon dangi za ta ba ni. Sai ta ce, "Binta, ranar da za ki je jefa taki, ki kira ni. Kada ki yi magana. Ki bar wayar a buɗe kawai in ji."

Na dawo da wata huɗu aka sa ranar zaɓen ƙananan hukumomi a jiharmu. Tun da sauran mako uku na roƙi Sista Larai ta karɓar mini aikin ranar, ni kuma na karɓi nata na ranar salla. Na tafi ƙauye tun jajibiri. Da safe na je makarantar firamaren da na yi, na shiga layin mata. Kayan zaɓe ba su iso ba sai da rana ta take. Na ga wata mai tsohon ciki ta gaji ta koma gida, na ga wani makaho da ya rasa mai riƙe masa sanda shi ma ya juya. Da a da ne ba zan lura ba.

Na kira Jidda, Salma ta koma Amurka, Usama ne ya kara wa Gwaggo wayar a kunne. Na sa tawa cikin hijabi na yi shiru. Awaki na kuka, mai ruwan sanyi na talla, mata na gardamar wa ya riga wa. Mun fi rabin awa a haka. Sai na ji muryarta ƙasa-ƙasa.

"Wace ce ke faɗa haka?"

"Wata ce aka tsallake a layi, Gwaggo. Ta ce tafiya za ta yi."

"Ce mata ta tsaya."

Na taɓa kafaɗar matar na ce gwaggona daga Jidda ta ce ki tsaya. Ta dube ni kamar na zautu, amma ta tsaya.

Da layi ya zo kaina, jami'in ya ce ba a shiga da waya a kunne. Na ce, "Gwaggo, zan shiga."

Ta ce, "Yalla, shiga. Kuma kada ki faɗa mini wa kika zaɓa."